Zakin Fijo da haƙoran da ya bari a Kakuri

Zakin da ke goshin Fijo ya girmi motar Fijo ta farko da shekara kusan 40, kuma a kan zarto aka fara buga shi. Duk lokacin da aka tayar da maganar gwamnati ta koma sayen Fijo don a raya masana'antar Kaduna, za ka ji ana ambaton zakin nan kamar shi ya riƙe motar a hanyoyinmu shekara da shekaru. A ganina an kama maganar ta wutsiya. Ƙarfen motar ne ya riƙe zakin, shi da kayan gyaran da ake samu a kowace tasha, da bakaniken da zai sauke injin a gindin darbejiya yau da safe ya mai da shi kafin la'asar ɗin gobe. Tarihin tambarin ma abin da yake faɗa ke nan in an bi shi daga tushe.

Iyalan Peugeot, masu Fijo, mutanen yankin Montbéliard ne, a gabashin Faransa dab da iyakar Suwizalan. A 1810 wa da ƙane, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, suka mai da wurin niƙan hatsin gidansu maƙera. Abin da suka ƙware a kai shi ne murza ƙarfe ya yi falle-falle: ruwan zarto, sifirin agogo, ƙarafan lema. Daga baya suka shiga ƙera abin niƙa gahawa a 1840, na niƙa masoro a 1874, keke a 1882. A 1847 Jules da Émile Peugeot suka sa wani maƙerin zinariya na Montbéliard, Justin Blazer, ya zana musu alama. Ya zana zaki yana taku a kan kibiya. An fara buga shi a kan zarto a 1850, aka yi masa rajista ran 20 ga Nuwamba 1858.

Abu uku zakin yake gaya wa kafinta: haƙoran zarton nan za su jure kamar na zaki, ruwansa zai lanƙwasa ya dawo kamar gadon bayan zaki, yankansa kuma da sauri kamar zaburar zaki. Babu ko ɗaya cikin ukun da ba ya gwaduwa. Ƙarfen da aka gasa ya yi ja aka tsoma a mai yakan yi tauri, amma da gautsi kamar gilashi, sai an sake ɗumama shi a ƙaramar wuta kafin ya sami danƙo. In wutar ta biyu ta gaza, zarto ya karye ran farko. In ta zarce, ya yi laushi, haƙora su dakushe, ruwan ya tanƙware ya ƙi miƙewa. Kafinta ya kama kan zarton ya lanƙwaso shi ya saki, a nan cikin shago ya san rabin gaskiyar, sauran rabin kuwa katakon mako ɗaya zai gaya masa. Kuma ba kowane kaya kamfanin ke buga wa zaki ba. Akwai mai jinjirin wata, akwai mai hannu, alamun kayan da ba su kai na farko ba. Ashe zakin darajar ƙarfe ce, irin yadda dillalin fata ke ware lamba ɗaya da lamba biyu, kuma kamfanin da kansa ya yarda cewa yana da kayan da ba su cancanci zaki ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwanninmu. Batir mai kan damisa, keken ɗinki mai malam-buɗe-littafi, haka muke kiran kaya, domin wanda bai iya boko ba ya iya hoto. Hoton ne ke ɗauko suna daga bakin wanda ya gwada ya kai kunnen wanda bai gwada ba, kuma ranar da kayan suka canza hali shi zai sha zagin.

Wani abin ban dariya shi ne motocin Fijo na farko ba su da zaki. Armand Peugeot ne ya ɗauki zafin mota: ya nuna mai ƙafa uku mai tafiya da tururi a baje-kolin Faris na 1889, ya koma kan injin fetur na Daimler a 1890. Ɗan'uwansa Eugène bai ga abin a matsayin sana'ar ci ba, sai Armand ya ware ya kafa nasa kamfanin a 1896, zakin ya zauna a tsohon gida wajen masu zarto da keke. Da 'ya'yan Eugène suka ga mota ta karɓu, suka fara nasu ƙananan motocin daga 1905 da sunan Lion-Peugeot. A 1910 gidajen biyu suka haɗe, a 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda har yau ita ce uwar gida.

Daga nan zakin ya shiga sauye-sauye. Ya hau murfin lagireto a matsayin ɗan mutum-mutumi, ya koma kai kawai a saman hancin mota a shekarun 1930. Babban juyi ya zo a 1948 tare da 203, lokacin da aka ɗauko zakin tambarin sarautar lardin Franche-Comté, wanda ke tsaye kan ƙafafun baya ya ɗaga hannuwa kamar ɗan dambe yana neman abokin karawa. A nan ma'anar ta gusa. Zakin kan kibiya yana maganar ƙarfe, na tsaye kuwa yana maganar asali ne, yana cewa ni ɗan wuri kaza ne. A 1958 aka cire kan zakin ƙarfe mai tsini daga hancin 403, saboda dokar Faransa ta hana adon da zai iya farke mai tafiya a ƙasa in an buge shi. Sai 404 ta zo a 1960 da kan zaki cikin garkuwa, aka koma na tsaye, aka rage shi zuwa zanen layi kawai a 1975, aka kaurara shi a 1998, aka cire masa harshe a 2010 lokacin bikin cika shekara 200. Direban tasha bai taɓa sanin an yi yawancin waɗannan sauye-sauye ba, kuma bai yi asarar komai ba.

Akwai tambari na biyu da mutane ba sa lura da shi, wato sifilin nan na tsakiya. Tun daga 201 ta 1929 kamfanin ya mallaki lambobi uku masu sifili a tsakiya, kuma yana tsaron su kamar gonar gado. Da Porsche ta fito da mota ta kira ta 901, Peugeot ta ce ba ta yarda ba, dole a 1964 aka mai da ita 911. A wajenmu ma lambar ta fi zakin aiki. Ba wanda ke zuwa Fanteka ko Ƙofar Ruwa ya ce a ba shi kuloci na mota mai zaki. Cewa yake na 504, na 505, na 406.

Ita 504 ce ta biya wa zakin bashinsa a nan. An fito da ita a 1968, ta ci kambin motar shekara ta Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975 a hannun Ove Andersson, samfurinta mai silinda shida ya sake ci a 1978. Amma abin da ya sa ta zauna da gindinta tsakanin Kano da Maiduguri yana ƙarƙashinta. Injin a gaba, turi a baya, farfela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da aksul ɗin baya, shi ke ɗaukar ƙarfin turi, shi ke kare ta daga dutse da ƙura. Sifirin da shokazoba suna da doguwar tafiya, taya ta faɗa rami ta fito ba tare da bodin ya daki ƙasa ba. Wagon ɗinta, mai layin kujera uku, tana da aksul guda a baya mai ɗaukar nauyi, a-kori-kurar kuma sifirin falle gare ta. Shi ya sa za a loda mata buhuna har sai hancinta ya kalli sama, ta kuma kai.

Injin fetur ɗin, mai cc 1796 ko 1971, shi ne abokin talaka. Sarƙa ke juya masa lokaci, babu bel ɗin da zai tsinke ya haɗa fistin da bawul. Silindojinsa hannun riga ne da ake zarewa a sa sabo, ruwan lagireto na zagaya su kai tsaye. In injin ya gaji ba sai an kai shi wajen mai huda ba, a sayo saitin hannun riga da fistin da zobba huɗu a zuba, ya koma kamar sabo. Saitin bawul da sanyin inji ake yi, na shiga milimita 0.10, na fita 0.25, ratar kwantak 0.40. Da ma'aunin rata guda da sifana 'yan kaɗan an gama. Tana da nata laifin, kada a yi mata kirarin ƙarya. Tsatsa na cin gindin ƙofofinta, kuma in lagireto ya toshe ta yi zafi, kan injin na alminiyam ne, ya murɗe, gasket ya ƙone. Wanda ya cire kan injin kuma ya juya kiranshaf bai danne hannayen rigar nan da ƙarfe ba, za su motsa, hatimin gindinsu ya ɓare, bayan kwana biyu ka zaro sandar gwajin mai ka ga baƙin mai ya koma kalar koko da madara. Sai dai duk waɗannan cututtuka ne da yaron gareji ke haddace maganinsu cikin shekara biyu.

An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar Kakuri a 1975. Lokacin ne ƙasar ta raba masana'antun mota: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, na Mercedes a Inugu. Shekarun farko ta jirgin sama ake kwaso sassan Fijo daga Lyon a sauke a Kano, a loda a tirela zuwa Kaduna, saboda cunkoson tashar ruwan Legas ya wuce misali. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar ofis har ga manya, kasuwa ta buɗe. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da ya tsiro a gefen masana'antar. Taya daga Dunlop a Legas da Michelin a Fatakwal, batir daga Exide a Ibadan, waya daga Nocaco nan cikin Kaduna, ga masu soson kujera, masu gilashi, masu fenti. A Kakuri ake walda bodin, a nan ake fesa shi. Motar da ta fito daga ƙofar nan tana ɗauke da gumin ma'aikatan garuruwa da dama, kuma wannan ne ya sa kayan gyaranta suka cika kasuwa, tun da mai yi wa masana'anta zai yi wa kasuwa.

Yadda abin ya rushe sananne ne. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya naira, sassan da ake sayowa da kuɗin Faransa suka yi tsadar da albashin ma'aikaci ba zai kamo ba. Motocin Baljiyam da 'yan Kwatano suka cike giɓin. A 2003 gwamnati ta koma ba jami'anta kuɗi a madadin sayo musu mota, babban mai saye ya janye. An daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, an sayar da kason gwamnati ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON, mai karɓar basussukan banki da suka gagara biya, ta karɓi kamfanin a 2012 saboda bashi. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi ta. A tasha kuwa Golf da Sharon suka gaji layin wagon, a ofis Toyota ta gaji kujerar.

Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi taɓa sunan zakin. Da 406 da 307 da 407 suka shigo, sun zo da kwamfuta a ƙasar da kayan aikinta na 504 ne. A cikinsu akwai wani akwati da ake kira BSI, shi ke kula da makulli, fitilu, gilasan ƙofa da izinin tayar da inji. Ƙa'idarsa a kashe mota, a rufe ƙofofi, a jira minti uku ya yi barci kafin a cire kan batir. Mai wayarin da ya saba gwada caji ta hanyar cire kan batir inji na aiki, ko mai walda da ya kafa wuta a salansa bai cire batir ba, cikin daƙiƙa ɗaya zai iya rikita akwatin ko ya ƙone shi. Gobe mota ta ƙi tashi, ko fitila ta riƙa kunna kanta da tsakar dare, a ce Fijo aljanu gare ta.

Haka maganar zafi. Injin EW10 na 406 an yi shi ne ya yi aiki kusa da digiri 90, ma'aunin zafin da ke bakin bututun ruwa, wato tamostat, yana buɗewa a wajen 89. Bakanike ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Daga ranar injin ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfuta ta ɗauka har yanzu sanyin safiya ne ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ya wanke man jikin silinda, fulogi su yi baƙi, shan mai ya hau. A zuba ruwan rijiya a lagireto kuma, ƙanzo ya toshe ƙananan hanyoyinsa, zafin da ake gudu ya zo da gaske. Maganin sananne ne: ma'aunin ya zauna inda yake, a yi amfani da ruwan sanyaya inji rabi da rabi da tataccen ruwa, a fitar da iska ta ƙananan kusoshin da aka tanada. Giyabos mai sarrafa kansa na AL4 shi ma ya ɓata wa zakin suna. Alamar cutarsa ita ce ya buga da ƙarfi, fitilun wasanni da na ƙanƙara su riƙa ƙyaftawa a dashbod, mota ta maƙale a giya ta uku. Sau da yawa bawul biyu na lantarki masu daidaita matsin mai ne suka gaji, ko man ya tsufa. Yana cin wajen lita 6, amma lita 3 kacal ke fita in an kwance kusa, don haka canji ɗaya bai isa ya wanke shi ba, kuma da ɗumin inji ake duba cikarsa. Wanda bai san wannan ba sai ya ce a sayo giyabos ɗin Baljiyam, mai cuta iri ɗaya. Laifin a raba shi biyu. Hannunmu ya yi ɓarna, gaskiya ne. Shi ma mai tambarin ya sayar da motar da ba ta gyaruwa sai da na'urar bincike ta musamman, horon kuwa bai sauko gindin darbejiya inda yawancin motocin ke kwana ba.

Ran 25 ga Fabrairu 2021 aka fito da zakin yanzu: kai kawai, cikin baƙar garkuwa, kusan komawa ga na 404. Mutane sun yi ta muhawara kan kyansa. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa aikinsa ne. A sabuwar 308, wadda ita ta fara ɗaukarsa, bayan garkuwar nan aka ɓoye radar mai auna tazarar motar gaba da taka birki da kanta. Shafen da ke ƙyalli a jikinta na ƙarfen indiyam ne, wanda igiyar radar ke ratsawa, kurom kuwa tare ta zai yi. Ke nan a irin wannan mota tambarin ya zama sashen aiki. In an yi karo aka sayo jabu mai ruwan kurom aka maƙala, ko mai fenti ya fesa masa kauri, ko aka liƙa masa sitika, radar ta makance ko ta riƙa ganin abin da babu. Bayan kowane gyaran bamba sai an sake saita ta da na'ura. Mai sayen irin wannan mota ya tambayi inda ake wannan saitin a garinsu kafin ya biya.

Shekarar dai, a Janairu, kamfanin ya narke cikin Stellantis, gidan da ya tara tambura 14, har da Fiat, Jeep, Opel da Citroën. Ƙashin mota ɗaya da inji ɗaya suna fita da fuskoki daban-daban. A-kori-kurar Landtrek tare da kamfanin Changan na Sin aka tsara ta. Wannan ba abin kunya ba ne, duk masu ƙera mota haka suke yi yanzu, amma yana nufin zakin ya daina gaya maka wane ƙarfe ne a ciki. Dubi ƙaramin injin 1.2 PureTech mai silinda uku, wanda ke cikin Fijo da Citroën da Opel. Bel ɗin lokacinsa a cikin baƙin mai yake wanka. In fetur ya tsarma man, abin da gajerun tafiye-tafiye da cunkoso ke jawowa, ko aka zuba man da ba nasa ba, bel ɗin ya kumbura ya fara marmashewa. Ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, fitilar mai ta kama, ya kuma iya toshe famfon da ke ba birki sauƙi har feda ta yi tauri. Kamfanin ya janye motoci a Turai don duba wannan, sabon samfurin injin kuma ya koma sarƙa. Ana iya leƙa bayan bel ɗin ta ramin zuba mai, in an ga tsagewa ko gefe ya fara zare, a canza shi a wanke rariyar. Yanzu 'yan Baljiyam masu wannan inji suna shigowa, a kasuwar da jabun baƙin mai ya yi yawa. Zakin da ke goshinsu ɗaya ne da na kowace Fijo.

To ina wannan ya bar maganar motar gida? Tun 2022 kamfanin Dangote Peugeot, haɗin gwiwar Dangote da Stellantis da wasu gwamnatocin jihohi har da ta Kaduna, yana haɗa motoci a Dutse ta kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Abin maraba ne. Amma kalmar haɗawa tana ɓoye abubuwa biyu masu nisa da juna. Akwai SKD, inda bodi ke zuwa a walde a fentace, wani lokaci har da kujeru da waya a ciki, a nan a ɗaura inji, ƙafafu, bamba da taya. Akwai CKD, inda falle-fallen bodi ke zuwa a rarrabe, a nan a walda, a tsoma a maganin tsatsa, a fesa, a gasa, a bi layi ana ɗaura ɗaruruwan sassa. Na farko rumfa da 'yan injinan ɗagawa yake so, na biyu yana son ɗakin walda, ɗakin fenti, wutar da ba ta yankewa da ma'aikata masu yawa, kuma shi ne ke buɗe wa mai kujera da mai waya ƙofa. Yawancin waɗanda suka karɓi lasisi bayan 2014 da na farkon suka fara. Dukansu biyu tambari ɗaya suke maƙalawa a goshi, kuma dukansu ana kiran su na gida a takardar kwangila.

Masu kare SKD suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Ba mai hankalin da zai gina ɗakin fenti don 'yan dubban motoci a shekara, a ƙasar da yawancin masu saye tsohuwar mota suke iya saya kuma bashin banki ya fi ƙarfin ma'aikaci. Ga dokar da ba ta zama wuri ɗaya. Tsarin da aka fitar a 2013 ya ɗora harajin kashi 35 da ƙarin kashi 35 kan motar da ta shigo a haɗe, mutane suka zuba kuɗi bisa wannan lissafi, sai dokar kuɗi ta 2020 ta sauke ƙarin zuwa kashi 5. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake sa ƙafa biyu a ruwa ba. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da matakin farko mazauni. Zakin nan dai shi ne a Kenitra ta Maroko, inda aka buɗe masana'anta a 2019 tana fitar da 208, kuma tun ranar farko wajen kashi 60 na darajar sassan daga cikin ƙasar suke, har injin a can ake haɗa shi. Maroko ta shafe shekaru tana jawo masu waya, masu kujera da masu gilashi, ta gina tashar ruwa da layin dogo, ta kuma bar dokarta ta zauna.

Saboda haka in gwamnati za ta fifita wata mota da kuɗin jama'a, ta fifita ta bisa abin da ake iya ƙirgawa. Umarnin shugaban ƙasa na 2017 kan fifita kayan gida ya riga ya ba da ƙofa, saura ma'auni. Mai neman kwangila ya kawo jerin sassa da sunan masana'antar da ta yi kowanne, a je a gani da ido. Rangwamen haraji ya riƙa hawa da yawan sassan gida, da ranakun da aka rubuta, wanda ya tsaya cak rangwamensa ya sauka. Ba da inji ko giyabos za a fara ba, wannan mafarki ne a yanzu. A fara da masu nauyi da cin wuri a kwantena, masu sauƙin fasaha: batir, kujera da sosonta, damin waya, salansa, gilashi, matatar mai da ta iska, takalmin birki, bayan a-kori-kura. Wasu cikinsu an taɓa yin su a nan, wasu ana yin su yanzu a Nnewi. A sa a cikin kwangilar cewa kayan gyara za su samu na shekara goma a manyan garuruwa, na'urar bincike da littafin gyara kuma a sayar wa kanikawa masu zaman kansu a farashin da za su iya, a horar da su. Wannan sharaɗi ya hau kan kowa, mai zaki ne, ko Innoson mai haɗa mota a Nnewi, ko ɗan Sin da ya zo jiya. In mai zaki ya cika shi ya fi kowa, a saya a wajensa da farin ciki. In wani ya fi shi, tunanin 504 ba hujjar kashe kuɗin jama'a ba ne.

Jami'in da aka tura karɓar motocin ma zai iya fara binciken da kansa cikin minti goma. Ya duba lambar bodi mai harafi 17 a gindin gilashin gaba, ukun farko su ke nuna maƙeri, VF3 ko VR3 na Peugeot ta Faransa ne. Ya buɗe bonet ya karanta takardar jikin batir. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, akwai ƙyallen da ke ɗauke da sunan wanda ya yi shi. A kusurwar kowane gilashi akwai hatimin maƙerinsa, sai dai harafin E da lamba cikin da'ira ƙasar da ta amince da ingancinsa yake nunawa, E2 Faransa, E1 Jamus, ba lallai inda aka narka shi ba. Sai ya durƙusa gefen taya: ƙasar da aka yi ta a rubuce take ɓaro-ɓaro, lambobi huɗun ƙarshe na layin DOT kuma mako da shekara ne, 2423 na nufin mako na 24 na 2023. Ya rubuta abin da ya gani a takardar karɓa, sashe-sashe, kafin ya sa hannu.